Ba Zan Iya Faɗin Sunansa Ba

Na ga abubuwa da yawa a zamanmu na unguwar New Bell a Douala, wasu sun bi ruwa, wasu sai an tuna mini, amma har in koma ga Allah ba zan manta da daminar da aka maido yayata gida ba, wai don an gan ta riƙe da hannun namiji a unguwar Deïdo. Shekaru sun ja, amma in na tuna har yanzu sai in ji raina ya ɓaci kamar jiya aka yi.

A lokacin dattawan da ke zama ƙofar masallacin layinmu sun kafa doka: kada a ga mace da namiji sun riƙe hannu ko sun jeru kafaɗa da kafaɗa a unguwa. Ba hukuma ce ta sa su ba, amma dokar ta fi ta gwamnati aiki. Ni kuwa tun ina budurwa abin yake ɗaure mini kai. Ƙato zai tsuguna bakin kwata da rana tsaka yana fitsari, mata mu kau da kai mu wuce, ba mai cewa uffan. Maza biyu su taho daga kasuwa hannu cikin hannu, a ce aminai ne. Matar aure ta hau bensikin, babur ɗin haya, a matse ta tsakanin direba da wani fasinja da ba ta taɓa gani ba, a ce ai Douala ce, ya za a yi. Amma miji ya taɓa yatsar matarsa ta sunna a waje, ranar an samu abin yi har isha.

Mijin Yaya ɗan boko ne, a wani ofis kusa da tashar jirgin ruwa yake aiki. Da safe ya fita da kwat, da yamma ya dawo ya zura kaftani da hula ya nufi masallaci. In fita ta kama su tare a unguwa, yana gaba tana can baya, ko waiwaye ba ya yi. A gidan mahaifiyarsa suke zaune, wadda muke kira Hajiya, kuma ƙanen mahaifinsa, Baffa mai albasa, shi ne bakin dattawan masallacin nan.

Wata Lahadi da safe aka aiko Inna, mahaifiyarmu, ta zo, na bi ta ba tare da an gayyace ni ba. Muka tarar da Yaya a durƙushe a falon Hajiya, mijinta yana gefe kansa a ƙasa, Baffa ya hakimce a kujera.

"Da idona na gani, ba labari aka ba ni ba," in ji Baffa. "Jiya da la'asar a Deïdo, ana yayyafi. Ita da wani mai kwat, kai ba hula, sun shige lema ɗaya, hannu cikin hannu. Har da dariya take yi!"

Inna ta ce, "Alhaji, ka ga fuskarsa?"

"Lema ta rufe shi. Amma ita na gan ta sarai."

Abin da ya ƙara dagula lamarin, Yaya ta ce wa Hajiya wurin tela za ta a Bépanda. Ina Bépanda, ina Deïdo? Amma ni wani abu daban ne ya tsaya mini a wuya. Baffa ba shi da rumfa a Deïdo, ba shi da dangi a can, kuma kowa ya san abin da ya fi yawa a waɗansu lungunan unguwar: mashaya da matan banza. Inna ta hango bakina yana motsi ta mintsine ni, amma ta makara.

"Baffa, kai me ya kai ka Deïdo?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ke, namiji ake tambaya inda ya je?"

Shi ke nan amsar, kuma duk falon ba wanda ya ga gibi a cikinta. Hajiya ta juya kan Yaya ta ce, "Ba dogon zance nake so ba. Wane ne?" Yaya ta ɗaga ido ta dubi gefen da mijinta yake, sau ɗaya tak, sannan ta sunkuyar da kai ta ce, "Hajiya, ba zan iya faɗin sunansa ba."

Falo ya ɗauki salati. Baffa ya tafa hannu ya ce kun ji ko, har rufa masa asiri take yi. Mijin bai ko ɗago kai ba. Hajiya ta ce ta tattara ta bi uwarta, ranar Juma'a bayan an sauko za a zauna, in ba ta faɗi mutumin ba ɗanta zai sawwaƙe mata.

Kafin mu iso gida labari ya riga mu. Matan da ke sayen ƙosai a ƙofarmu suka riƙa daɗewa suna leƙen tsakar gida. Ni kuwa na shiga zargin kowa. Na zargi telan Bépanda, na zargi wani ɗan ajinsu na da, na zargi Baffa da ƙulla sharri don ya rufe nasa. Ita kanta Yaya na sa mata ido, don ruwa ba ya tsami banza. Sai dai abin da nake gani bai yi kama da mai laifi ba. Ba ta kuka, ba ta rantse-rantse, ba ta ɓoye waya. In an yi sallama a ƙofa sai ta miƙe zaune da sauri, in ta ji ba muryar da take jira ba ce ta koma ta kwanta.

Shi ma mijin ya ba ni mamaki. Ya zo da magariba ya tsaya a waje, ya sa aka kira ni. Mutumin da kullum sai ya tsokane ni, yau ya kasa haɗa ido da ni. Na zaci zagi zan sha, sai ya ce, "Ta ci abinci kuwa?" Na tsaya ina kallonsa. Namijin da aka ci amanarsa a bainar jama'a ba cikin matar ne zai dame shi ba. Tun daga nan na sa shi a layin waɗanda nake zargi, ko da yake ban san da me ba.

Ranar Laraba muna wanki ni da Yaya na ce mata, "Don girman Allah ki faɗa mini, ni kaɗai. Wallahi ko Inna ba za ta ji ba."

Ta ci gaba da cuɗa zane. "Na ce ba zan iya faɗin sunansa ba."

"Yaya, aurenki ne fa zai mutu!"

Sai ta ɗago ta ce, "Ke tun da aka kai ni ɗaki, kin taɓa jin sunan nan a bakina?"

Sabulu ya suɓuce mini. Mu a gidanmu mace ba ta kiran sunan mijinta, ko a bayan idonsa, sai dai ta ce shi, ko maigidan. Hajiya da kanta ta ja wa Yaya kunne a kan haka ranar da ta tare. Ashe gaskiya tsirararta ta faɗa a falon nan, da irin harshen da su suka koya mata, amma ba wanda ya gane, har ni mai ganin kaina da wayo. Duk cikinmu ba wanda ya taɓa kawo wa ransa cewa miji zai iya riƙe hannun matarsa tana dariya.

Ta ba ni labari. Wasu Asabar ɗin in ya tashi aiki sukan haɗu a Deïdo, inda ba a san su ba, su ci gasasshen kifi, su ɗan taka, sannan kowa ya hau babur ɗinsa ya dawo gida daban. Mata da miji, da sadaki da shaidu, suna satar hanya kamar ɓarayi.

Na ce, "To me ya hana ki ce maigidana ne?"

"Yana zaune a wurin, da bakinsa. Na buɗe masa ƙofa, shi ya kamata ya shigo. In na tona shi gaban mahaifiyarsa ya musa fa? Da wane ido zan sake kallonsa?"

Washegari na hau bensikin na tare shi a ƙofar ofis lokacin tashi. Yana ganina ya san na sani.

"Petite sœur, c'est compliqué," ya ce da Faransanci, wai ƙanwata, abin da sarƙaƙiya.

"Ba wani compliqué. Kai ne ko ba kai ba ne?"

"Kin san Baffa. Za a ce na zama mijin-ta-ce. Vraiment, da gaske, ba zan ƙara iya zama a ƙofar masallaci ba."

"Ita kuma da ake kira da sunan da ya fi wannan muni, a ina za ta zauna?"

Ya ce in ba shi lokaci ƙura ta lafa. Na ce lokacinsa gobe ne, in bai faɗa a falo ba ni zan faɗa a ƙofar masallacin, kuma ya san muryata ba ta buƙatar lasifika.

Ranar Juma'a aka zauna. Baffa ya fara jawabi a kan tarbiyya da lalacewar zamani, sai mijin ya yi gyaran murya, a hankali kamar mai neman gafara, ya ce, "Baffa, ni ne. Ni ne mai lemar."

Na ɗauka za a yi hamdala, a ba Yaya haƙuri. Ina! Baffa ya miƙe tsaye. "Kai? Matarka ta aure? A kan titi, arna suna kallo?" Hajiya kuwa ta ɗora hannu a ka ta ce an gama mata da ɗa, wannan ba yin kansa ba ne, a bincika abin da ake zuba masa a abinci. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan, an tashi daga zargin kwarto an koma zargin asiri. Inna, wadda ba ta cika magana ba, ta ce, "To ni ban gane ba. Da kwarton ne ya fi muku daɗi?" Har muka fita ba wanda ya ce wa Yaya yi haƙuri.

Ta koma ɗakinta, suna tare har yau, da 'ya'yansu. Amma ba ta sake zuwa cin kifi ba, duk da ya roƙa. Bara muka je biki tare da su a unguwar Village, muka tsaya za mu tsallaka babban titi, motoci da babura ba sa ko sassautawa. Mijinta ya miƙo mata hannu, ga furfura a gemunsa, ga mutane ko'ina. Ta mai da hannunta cikin mayafi ta tsallaka abinta. Da na yi mata magana daga baya sai ta ce, "Ai na iya tsallakawa ni kaɗai. A falon Hajiya na koya."

Abin da wannan ya koya mini shi ne, ba duk abin da muke kira kunya ne kunya ba. Kunyar da za ta bar namiji ya riƙe hannun matarsa a inda ba a san shi ba, amma ta ɗaure masa baki lokacin da ake yaga mutuncinta a gabansa, tsoron mutane ce kawai. Kuma a unguwarmu, in maza suka ji irin wannan tsoron, mace ce take biya.