Juzu'i Na Biyu Da Ban Aika Ba

A shekarata ta biyu a Alkahira na kamu da ciwon karanta abin da ba shi aka turo ni karantawa ba. A unguwar Darrasa akwai wani tsoho mai baza tsofaffin littattafai a ƙasa. A wurinsa na tsinci wani labari da aka mayar Larabci, juzu'i biyu, a kan masu zane a wani birni na Italiya shekaru aru-aru da suka wuce. An wayi gari babban mai zanen fada yana kwance a mace a gindin bangon cocin da yake zanawa, leɓunansa sun yi baƙi. Sarkin birnin yana son a binne maganar, waziri yana son a tono ta, sauran masu zane kuwa kowa na kuka yana hangen gurbin mamacin.

Ɗalibin fikihu da littafin masu zana surar mutane, ai sai ɓoyo. Na yi wa juzu'an riga da takarda mai kauri, irin wadda muke yi wa littattafan karatu. Rigar nan ce ta ja mini. Wani ɗan garinmu zai koma Maraɗi, na haɗa masa kwalin littattafan da mahaifina ya nema, cikin gaggawa na cusa juzu'i na farko. Sai da aka kwana bakwai na lura.

Mahaifina malamin zaure ne, ni kuma ɗan farinsa. Bai taɓa kiran sunana ba, kuma bayan gaisuwa ba ma haɗa zance. Duk saƙonsa ta bakin ƙanensa yake zuwa. Bayan wata guda Baffan nawa ya kira.

"Malam ya ce a gaya wa mutumin Masar, ɗaya littafin bai cika ba. A aiko da ragowar."

Na ce masa to, amma a raina na gama yanke hukunci cewa faɗa ne, irin na Malam, wanda ba ya ɗaga murya sai dai ya bar ka da kunyarka. Abokin ɗakina, Bahaushen Sudan mai sayar da turare, ya ce ma'alish, wato ba komai, in aika kawai a wuce wurin. Na ce masa bai san mahaifina ba. Ina faɗa ina hura hanci, kamar ni na san shi.

Saƙon ya sake zuwa bayan wata uku. Wannan karon na nemo tafsiri mai kyawun bugu na aika, wai ni mai tuba. Daga nan ba a ƙara tayar da maganar ba, na ɗauka an yafe mini. Kafin shekara ta zagayo Malam ya rasu. Ina ɗakin jarrabawa aka kai shi makwancinsa.

Da aka raba gado, Baffa ya ba wani ɗan kasuwa kasona na littattafai, ya kawo mini har unguwar Ainu Shams inda na koma da zama. Juzu'in yana ciki, rigarsa ta yi laushi saboda yawan riƙo. Na buɗe, sai ga rubutun Malam da tawada a gefen shafuka, yadda yake yi wa littattafan fikihu. A wani wuri ya rubuta cewa ba waziri ba ne, mai kisa ba ya yawan surutu. A wani ya ce a sa wa matar sarki ido, can gaba kuma ya wanke ta. Inda ake niƙa launi ya tambaya ko su ma suna sa ƙaro kamar tawadarmu. A shafin ƙarshe ya rubuta:

"Zatona aminin mamacin ne, wanda ya fi kowa kuka. Allah ne masani. Yaron ma ya sani."

Na sani kuwa, aminin ne. Na zauna a bakin katifa na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar. Baƙin cikina shi ne, sau ɗaya tak mahaifina ya nemi wani sani a wurina, har sau biyu yana aike, ni kuma na aika masa tafsirin da ya haddace tun ba a haife ni ba.