Jinin da Ba Ya Hana Salla

Da na dawo gida daga karatu, a ganina nisan asibiti ne kawai ke hana matan ƙauye zuwa a duba su. Yanzu ban tabbata ba. Furera ta garin Badafi ta san hanyar Kano sarai.

Bafulatana ce, aure ya kawo ta cikin gari. Tun tana yarinya take kai nono kasuwar Yako, da ta yi aure ta koma dama fura a gida. Mijinta Lado lebura ne a Ikko, sai da damina yake zuwa noma. A shekarar 1997 ya dawo tun da rani, ya rame kamar kara, ga tari. Ita ta yi jinyarsa a wani asibiti a Kano. A can aka ɗibi jininta, aka ce abin da ke jikinsa yana jikinta, wato ƙanjamau.

Wata ma'aikaciyar jinya ta ja ta gefe. "Baiwar Allah, mai wannan ciwon, sankarar bakin mahaifa ta fi saurin kama ta. Ki dawo mu duba ki tun ba ki ji komai ba. In kuwa kika ga jini ba lokacinsa ba, ki zo maza."

A cikin makon nan Lado ya rasu. Furera ta shiga takaba, ba ta gaya wa kowa abin da aka ce mata ba.

A wata na biyu al'adarta ta zo, kwanakinta suka wuce, jini bai ɗauke ba. Abin da ya fi damun ta salla ce: ta yi ko ta bari? Ta sami uwar mijinta, Kulu, tana ɓarar gyaɗa.

"Inna, wai in abin nan na mata ya ƙi ɗaukewa..."

"Ke 'yar nan, duk nonon da kika sha bai ba ki wayo ba? Jinin ciwo ne. Ki yi wanka, ki yi ƙunzugu, ki yi sallarki."

"A asibiti sun ce in koma."

"Da takaba a kanki? Ki shiga mota cikin maza, ƙasar kabarin ɗana ko bushewa ba ta yi ba?"

Furera ta ji sanyi a ranta. Tambayar da ta fi tsoro ta sami amsa. Ta yi wanka, ta rama sallolinta.

Takaba ta ƙare, aka shiga girbin dawa, batun Kano ya kwanta. Lokacin da na gan ta ta daina dama fura. Tana zaune a karkace, hannu a ƙugu. Turaren wuta ya cika ɗakin har yana shaƙe mutum, amma akwai wani wari a ƙarƙashinsa. A igiyar bayan ɗaki tsummoki ne jere.

Na ce, "Yaya Furera, har yanzu jinin yana zuwa?"

Ta ƙara garwashi a kasko.

"Yana zuwa. Amma ba ya hana salla."