Lahadin da na zauna a bencin horo

Har gobe ba na mance Lahadin da na bar wurin wa'azi na koma bencin baya na zauna. Ku da kuke shirin karɓar ikilisiya, ku saurara, don wannan ba a koya mini shi a makarantar fastoci ba.

Lokacin an tura ni wani ɗan ƙauye tsakanin Kademi da Gafasa. Yawancin mutanen garin Musulmi ne, sai 'yan gidajen Kirista a gefen gabas, duk manoma. Kafin in tashi, sakataren gundumarmu, Rabaran Bulus, ya kira ni ofis. Shi ke kula da fastocin yankin, kuma mutum ne da ba ya ɓoye-ɓoye. Ya ce, "Malam Yohanna, majami'ar nan ta kusa mutuwa. In kaka ta wuce ba wani canji, za mu rufe ta, mutanen su riƙa zuwa Gaya sujada." Na san tsofaffi ba za su iya wannan tafiyar ba, kuɗin babur ma wa zai ba su? Rufewa dai ke nan har abada.

Lahadin farko na tarar da 'yan tsofaffin mata da jikokinsu, sai namiji guda, Baba Iliya, dattijon ikilisiya. Da aka tashi na tambaye shi ina maza. Ya ce, "Suna horo."

Ga wanda bai sani ba, horo shi ne hukuncin ikilisiya a kan wanda ya yi laifi a fili. Zai riƙa zama a bencin baya, ba ya cin jibin Ubangiji, ba ya tsayawa gaban jama'a, har sai dattawa sun zauna sun ɗage masa. Fasto shi kaɗai ba shi da ikon ɗagewa.

Laifin nasu kuwa, wata shekara ruwa ya makara har hankalin kowa ya tashi, sai ruwan shuka ya sauka da asubahin Lahadi. Maza suka ɗauki sungumi suka nufi gona. Faston lokacin ya sa su horo gaba ɗaya, bai jima ba aka yi masa canjin wuri. Ya tafi, horo ya zauna. Magidanta da furfura suka ƙi zama a bayan 'ya'yansu, suka daina zuwa sujada, matansu kuma suka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na fara bin su gona. Babbansu shi ne Malam Ayuba, ƙanen Baba Iliya uwa ɗaya uba ɗaya. Na same shi yana noman gero, na karɓi fartanya na taya shi, ya tsaya yana kallon yadda nake ɓata masa kunya. Da muka zauna shan fura ya ce, "Fasto, ni fa ban bar Yesu ba. Kullum ina addu'a da iyalina. Amma a ce jikana ya waiwayo ya gan ni a can baya kamar wanda ya saci akuya? Ba zan iya ba."

Na koma wurin Baba Iliya. Da farko na ɗauka taurin kai ne kawai, har raina ya fara ɓaci. Ashe shi kaɗai ne bai fita shuka ranar ba, ruwa kuma ya sake ɗaukewa, gonarsa ba ta yi ba, gidansa ya sha yunwa a shekarar. Ya ce, "Ɗana, na kiyaye ranar Ubangiji da cikin 'ya'yana. Ba na neman kowa ya durƙusa mini. Su zo su zauna inda doka ta ce, ko Lahadi ɗaya ne, sai mu ɗage." Gaskiya na ga nauyin maganarsa, na daina ganin laifinsa.

To, ga wa ga ƙane, kowa da gaskiyarsa, ga damina tana gudu. Na yi ta addu'a, daga baya na je na ce wa Malam Ayuba, "Baba, ranar Lahadi ni zan zauna a bencin nan. In kun zo, za ku same ni a kai." Ya yi dariya ya ce sai ya gani. Matata kuwa ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kafin la'asar labari zai kai Gaya cewa sabon fasto ya yi abin kunya." Ta faɗi gaskiya, kuma ni ma na ji tsoron hakan. Amma da safiyar ta zo, ita ta riga ni zama a bencin.

Na roƙi Baba Iliya ya ja sujada, na zauna a baya da kwat ɗina. An yi waƙar farko ba ko ɗaya daga cikin mazan, zuciyata ta fara karyewa. Ana cikin ta biyu na ga inuwa a bakin ƙofa. Malam Ayuba ne, ya leƙo don ya tabbatar. Ya daɗe a tsaye, sannan ya cire hula ya zauna kusa da ni. Sauran ashe suna gindin darbejiya suna jira. Suka shigo har benci ya cika, wasu suka zauna a ƙasa.

Baba Iliya ya buɗe Littafi Mai Tsarki zai yi karatu. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Can ya ce, "Ayuba, ku matso gaba mana. Idona ba ya kaiwa can." Duk mun san idonsa lafiya lau. Suka tashi suka matso. A ranar muka zauna da dattawan ikilisiyar da ke maƙwabtaka da mu, aka ɗage horon bisa ƙa'ida, na aika rahoto gunduma.

Bayan kaka Rabaran Bulus ya zo da kansa. Ya rasa wurin zama sai da aka aro kujera daga gidan mai unguwa. Da aka tashi ya ja ni gefe ya ce, "An ce ka sa kanka a horo. Wa ya ba ka izini?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ba kowa." Ya dubi jama'a suna gaisawa a waje, ya ce, "To, kada ka ƙara. Maganar rufewa kuma a bar ta."

Na yi aiki a manyan majami'u bayan nan, amma ba inda nake alfahari da shi kamar wannan ƙauyen. Ban karya doka ba, ban kuma kunyata dattijo ko ɗaya ba. Abin da na koya shi ne, mutanenmu ba sa gudun gyara, tozarci suke gudu. In an ba ku majami'ar da ta watse, kada ku fara da ƙara ƙarfin wa'azi. Ku nemo inda aka bar mutanen zaune cikin kunya, ku je ku zauna tare da su har su iya tashi.