Gwanaye Biyar a Bangon Gidan Kallo

Ni na kawo shawarar a bar wa Baba hukuncin. Ba wanda ya sa ni, da bakina na faɗa, har ina ɗaga murya don kada wani ya riga ni.

Unguwarmu a Anka tana da ƙungiyar ƙwallo da ta girme ni nesa ba kusa ba. Baba, wato mahaifinmu, yana cikin waɗanda suka kafa ta, tun ana bugawa ba takalmi. Yanzu shi ne uban ƙungiya, in ya yi magana ta zauna. Shekarar da nake aji uku na sakandare, mai gidan kallon unguwarmu ya yi wa bangonsa sabon siminti, ya ce zai ɗauko mai fenti daga Gummi ya zana masa gwanaye biyar da ƙungiyar ta taɓa yi, na ɗaya a sama kusa da ƙofa. Wai ya gaji da manna hotunan 'yan wasan Turai da ba su san da zamansa a duniya ba.

Daga ranar musu ya tashi. A teburin mai shayi, ƙwai ya sha ƙonewa saboda mai suyar ya tsaya rantsuwa. Dattawa suka kafe a kan tsohon gola, wanda yanzu yake sayar da hatsi a kasuwar Bukkuyum. Sun ce yana kama ƙwallo da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana riƙe da rake. Wasu suka ce sai wani dogon Bafillace da yake baro shanu a daji ya zo ya ci ƙwallo ya koma kafin su lura ba ya nan. Akwai kuma telan nan mai bugu da hagu, wanda aka ce ya taɓa kai hari ya sami jaki a bayan fili, jakin bai sake bin hanyar ba har ya mutu.

Mu matasa kuwa gwaninmu ɗaya ne, Yayana. Na gan shi da idona ya ci 'yan Gummi ƙwallo uku a filinsu, har golansu ya zauna a ƙasa ya cire safar hannu ya ce a kawo wani. Daga baya ya bi abokansa haƙar zinariya a Bagega, rami ya rufta, ƙafarsa ta dama ta karye. Ta warke, amma da ɗingishi. Ya dawo ya buɗe wurin gyaran babura, ƙwallo kuma sai kallo.

Bai taɓa cewa yana son a zana shi ba. Sai dai ya canza hanyar zuwa aiki, ya koma bi ta gaban bangon, alhali ta fi nisa. Kullum da safe yana ɗaure takalmi zai tambaye ni, kamar bai damu ba, "Mai fentin nan ya zo kuwa?" Na gane abin da ya rage masa a ƙwallo ke nan, bangon nan.

Shi ya sa na yi dabara. Rannan musu ya yi zafi har an fara tuno wa juna laifin kakanni, sai na miƙe na ce, "Me zai hana a tambayi uban ƙungiya? Abin da ya faɗa shi ke nan." Lissafina mai sauƙi ne. Uba ne, ɗansa ne, na ɗaya ya samu.

Mai shayi ya tsaya da ludayi a hannu ya dube ni. "Kai wanga yaro, ka san mi kac ce?"

"Na sani mana."

Magoya bayan tsohon gola suka amince nan take, har ɗayansu ya saya mini burodi. Burodin nan ya kamata ya farkar da ni, amma na cinye.

Abin da na manta shi ne Yaya ɗan fari ne. A gidanmu Baba bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai "wancan" ko "yaron nan". Inna ma in za ta aike ni wurinsa, cewa take, "Kai wa mai babura." Ko lokacin da yake wasa, in ya ci ƙwallo fili ya ɗauka da ihu, Baba sai ya cire hularsa ya kama duba ɗinkinta. Da wannan kunyar na tashi, na saba da ita kamar yadda na saba da randar tsakar gida, shi ya sa ban gan ta ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka shimfiɗa wa Baba tabarma a gaban bangon. Jama'a ta taru kamar za a raba taki. Yaya yana can gefe, jingine da wani babur da ya kawo wai yana gwadawa.

Baba ya fara da tsohon gola, aka yi tafi. Ya ce Bafillacen na biyu, tela na uku. Na ce a raina, to, yana jan rai ne. Na huɗu ya ambaci wani mai tsaron baya da ya rasu tun ban san kaina ba, aka yi masa addu'a. Na biyar ya kira wani direban bas wanda ni dai ban taɓa ganin ya yi gudu ba sai in an kira abinci. Sannan ya shafa fuska, ya fara neman takalmansa.

"Baba, Yaya fa?"

"Wa?"

"Yaya mana! Ɗanka!"

Baba ya dubi mai gidan kallo ya ce, "An ce in faɗi biyar, na faɗi biyar." Ya sa takalmi ya tafi masallaci, ko da yake da sauran lokaci kafin magariba.

Mai shayi ya ce, "Alƙali ya yi aikinai. Saura lauya ya bi wanda ya kare ya ba shi haƙuri." Aka fashe da dariya. Kafin in juya Yaya ya tada babur ɗin ya tafi.

Na kai ƙara wurin Inna, ta ce, "Ni mi ya haɗa ni da ƙwallo? Tahi ka ɗebo min ruwa." Na garzaya wurin Kawu, ƙanenta, wanda shi ba ruwansa da kunyar kowa. Washegari ya zo ya yi ta faɗa a ƙofar gidan kallo har muryarsa ta dushe. Mai gidan ya ce shi ma ya san Yaya ya fi direban nan ko da ƙafa ɗaya, amma a gaban jama'a aka amince, kuma ba shi zai warware maganar uban ƙungiya ba.

Da na je wurin gyaran babura, Yaya bai ɗago ba. Ya miƙo hannu na ba shi sufanar kwance noti, sannan ya ranƙwashe ni da ɗayan hannun mai baƙin mai.

"Kai da wayonka. Da ka bar su da musunsu, ai ko na uku na samu."

Mai fenti ya zo cikin satin, ya zana mutum biyar, dukkansu da hanci iri ɗaya. Direban bas ya kawo iyalinsa suka ɗauki hoto da waya a gaban nasa. Yaya ba ya cikin zanen. Ya koma bin tsohuwar hanyarsa ta zuwa aiki, ranar wasa kuma yana zuwa kallo kamar kowa.