Kifin Masera da Hantar Ƙanƙara

Shekara biyu ko uku bayan samun mulkin kai nake aikin girki a mishan na Dogon Dutsi, gidan wata masera, wato sistar coci, baturiya mai duba marasa lafiya. Tana da akwatin gilashi cike da ruwa, da ƙananan kifaye bakwai a ciki. Ba a ci, ba a sayarwa, kallo kawai. Ikon Allah!

Abincinsu hantar akuya ce da take niƙawa ta daskarar a firijin kananzir. Da aiki ya yi mata yawa sai ta bar mini ciyarwar, ta nuna mini ɗan abin da zan riƙa ba su, bai kai ƙwayar dawa ba. Na ce a raina, wannan rowa har ina? A gidanmu ko kaza ba a yi mata haka. Kullum sai in ɓallo dunƙule guda da ƙanƙararsa in jefa musu.

Ba a yi mako ba ruwan ya yi fari kamar tsarin wankin hatsi, yana ƙarni. Kifi biyu suka juya ciki sama.

Nan take zuciyata ta tafi kan tsohon da ke kawo mana ruwa, mutumin wajen Dumega. Me ya sa yake saurin dawowa daga rijiya? Na fara leƙa garwarsa, ina shinshinawa. Na ce wa masera ruwan tabki yake ɗebo mana. Na faɗa a wurin niƙa, na faɗa a kasuwa, ni da bakina ba ya riƙe magana. Aka sallame shi.

Sabon mai ruwa ya zo, ruwan akwati bai daina lalacewa ba. Wata safiya masera ta tarar da ni da dunƙulen a hannu. Ba ta yi faɗa ba. Ta narkar da shi a kofi, ta nuna mini jinin da ya tsatso, ta ce shi da ragowar da ba su ci ba ke ruɓewa a ƙasan ruwan. Kunya kamar in nutse.

Ta aike ni in kirawo tsohon. Na same shi yana saƙar igiya a ƙofar gidansa, ya riga ya sayar da garwanin.

«Baba, ka dawo, ba laifinka ba ne.»

«Ɗiyata, gida guda ba ya riƙe mai ruwa, sauran kuwa duk sun bar saye. Ruwan da anka ce ya kashe kifi, wa za shi ba ɗanai?»