Turaku Huɗu a Bayan Tafki

Shekara guda da wata biyar na yi a gida bayan na dawo daga Yamai da diplom ɗina na injiniyan ruwa. Babu biro, wato ofis, da ban kai dosiyen takarduna ba a Maraɗi. Wasu su karɓa su ce za a kira ni, wasu su dubi hijabina, su dubi takardar, su tambaye ni ko wana ne ya aiko ni. A Madarunfa kuwa maƙwabta har sun daina tambayar Inna labarin aikina, kuma shirun nan ya fi tambayar ciwo.

Wani kawuna mai jigilar siminti daga Ɗan Issa shi ya kawo mini labarin wani Alhaji mai ƙaramin kamfanin gine-gine. Ya samu aikin shato, wato tankin ruwa mai dogayen ƙafafu, a wani ƙauye da ke bayan tafki. Injiniyansa ya ajiye aikin bayan kwana uku, bai faɗi dalili ba.

Na same shi a bironsa, ɗaki guda da tebur da fanka. Bai ko buɗe dosiyen ba.

"Ɗiyata," ya ce, "kin iya kafa turke ya kwana inda kika kafa shi?"

Na zaci zolaya ce, na yi murmushi. Shi bai yi ba. Ya ba ni sati biyu na gwaji, ya haɗa ni da shugaban maginansa, wani dattijo marar yawan magana da kowa ke ce wa Baba.

Tsakiyar bazara ce. Filin da ƙauye ya bayar fetal yake, sai kututturan hatsin bara da gawo guda can gefe. Na kafa na'urar awo a kan ƙafafunta uku, Baba ya riƙe mini sanda, muka fitar da kusurwoyi huɗu na tushen ginin, muka buga turakun ƙarfe. Na auna sau biyu, na rubuta a littafina.

Washegari muka tarar da turakun sun matsa gabas, taki tara. Ba tuge su aka yi aka watsar ba. Suna tsaye cak, kuma da na ja igiya tsakaninsu sai na ga kusurwoyin daidai suke, har sun fi nawa. Babu sawun mutum, babu na dabba, kuma ramukan da muka buga jiya sun shafe.

"Baba, wa ke wannan aiki?"

"Haka wancan injiniyan ma ya tambaye ni," ya ce. "Mi za a yi, injiniya? A maido su?"

Na ce a maido su. Takardar aiki ta nuna wuri, ni kuma ba na son a ce mace ta zo ta kasa abin da namiji ya kasa. Na je wurin mai gari na kai ƙara. Ya tara mutanensa, suka rantse ba su taɓa ba, su da suka ƙosa su ga ruwa. Kwana uku a jere ina maidowa, turaku suna komawa gabas.

A rana ta huɗu, gab da azahar, leburori sun tafi inuwar gawo. Iska ta tsaya cik, ko kukan kurciya babu. Na sa Baba ya tsaya da sanda a tsakiyar wurin da na zaɓa, na kara ido a na'ura. Lambobin sanda suka fito tar. A bayansa kuma, kusa da kafaɗarsa, ga wata mace ta sunkuya. Zane baƙi ne a jikinta irin na saƙi, ta ba ni baya, hannuwanta na kai da komo kamar mai jan guga. Ga igiya a hannunta, tana fitowa daga cikin ƙasa, inda babu rami.

Na ɗaga kai. Baba ne kaɗai a fili, gumi na bin wuyansa. Na goge gilashin da bakin hijabina, na sake dubawa. Tana nan, ba ta fasa ja ba, a hankali, hannu bayan hannu. Ban yi ihu ba. Sai dai na ji ina karanta Ayatul Kursiyyu ban san lokacin da na fara ba.

"Baba, taho nan," na ce. "Kada ka waiwaya."

Ya taho, bai waiwaya ba, bai kuma tambaye ni komai ba. Ya zuba mini ruwa a moɗa, ya jira na shanye.

Bayan sallah na ce a haƙa ramin gwaji daidai inda Baba ya tsaya da sanda. A makaranta an koya mana a binciki ƙasa kafin a ɗora mata nauyi, ni kuma gaggawar nuna bajinta ta sa na tsallake. Ba a kai ƙugu ba diga ta daki itace. Aka share ƙasa, sai ga gumagumai jere, baƙaƙe, an rufe wani abu da su. Da aka ɗaga guda, sanyi ya buso mana daga ƙasa. Tsohuwar rijiya ce. Na jefa dutse, muka daɗe muna saurare kafin mu ji faɗuwarsa, kuma ba a ruwa ya faɗa ba. Da mun zuba tushe a nan, ranar da aka cika tankin nan sai ya nutse da duk wanda ke ƙarƙashinsa.

A jikin gungumen bakin rijiyar akwai zanen da igiya ta ci shekara da shekaru. Na sa yatsa a ciki. A jiƙe yake.

Tsofaffin ƙauyen suka zo suka leƙa. Babu wanda ya taɓa jin an ce akwai rijiya a wurin, har wata tsohuwa da aka riƙo hannunta. Liman ya yi addu'a, muka cike ramin da yashi da duwatsu.

Da na kai wa Alhaji rahoto, ya karanta shi a tsaye. Na rubuta cewa an samu rami a ƙarƙashin ƙasa, don haka a matsar da ginin gabas, taki tara.

"Shi ke nan abin da kika gani?"

"Shi ke nan abin da zan iya sa wa hannu, Alhaji."

Sai ya jawo takardar ɗaukar aiki daga aljihun tebur ya miƙo mini alƙalami.

Mun gama shato kafin saukar damina. Ranar da aka buɗe famfo mata suka yi layi da bokitai da jarkoki, ina tsaye a gefe da hular kwano a kan hijabi. Wurin da muka cike ya baje, ba a bambanta shi da sauran fili. Amma duk wadda ta ɗauko ruwanta, in ta iso nan sai ta ɗan karkata ta kewaye, tana ci gaba da hirarta. Na tambayi ɗaya daga cikinsu dalili. Ta dube ni da mamaki, ta ce ita miƙe take tafiya.