Injin da Ke Zuwa Mini Cikin Langa

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Da hantsin ranar Talata, 17 ga Yuni 2025, daidai da 21 ga Zulhajji 1446, ina kwance ƙarƙashin wani injin ɗaga kaya a tashar jiragen ruwa ta Treichville, a nan Abidjan, matata Kamila ta kira ni a waya. Ko sallama ba ta yi ba, cewa kawai ta yi, "Sadi, Papa ya tafi." Allah ya karɓi ran surukina, Alhaji Tasi'u mai albasa, a gidansa na Adjamé Liberté, bayan ya sha fama da ciwon zuciya. Bayan la'asar muka kai shi makwancinsa a maƙabartar Williamsville, ana yayyafi.

Shekara tara ina auren 'yarsa, yau ne karo na farko da na kama sunansa, ko da a takarda, kuma sai da hannuna ya yi nauyi. Baba, ka yi mini aikin gafara. Kana raye, tun daga bakin ƙofa nake tuɓe takalmi in durƙusa, in gaishe ka idona na kallon siminti. Ban taɓa cin loma a gabanka ba. Haka aka koya mana tsakanin suruki da suruki, ni kuwa na riƙe abin har na zarce malamaina. Yau da ba ka nan bakina ya buɗe, wannan ma abin kunya ne.

Mutanen kasuwar Gouro sun faɗi alherinka a zaman makoki, kuma ba su yi ƙari ba. Ka shigo Abidjan daga Galmi kana yaron mota, a saman buhunan albasa, ka shekara da shekaru kana kwana ƙarƙashin manyan motoci kafin ka kafa rumfarka. Duk baƙon da ya sauka daga Nijar bai san kowa ba, gidanka ake nuna masa. Albasar da ta ɗan bugu a hanya ba ka sa mata kuɗi, matan da ke tuyar aloko, wato soyayyar agada, a bakin titi kake kira su kwashe. Wata tsohuwa Bajula ta zo gaisuwa tana ta "yako, yako", wato sannu da rashi a bakin mutanen nan, ta ce da albasarka ta yi renon marayu uku.

Ni nawa alherin daban ne. In ka hango ni a hanya lokacin damina, sai ka juya ka shiga taya wani abu a shago, don kada in durƙusa cikin taɓo. Na daɗe ina zaton sa'a nake yi. Da mahaifiyata ta rasu a Katsina ban samu zuwa jana'iza ba, kai ka zo Treichville ka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakina, ka karɓi gaisuwa a matsayin uba har aka watse. Ka zauna ka ɗan ba ni baya, don in samu in yi kukana.

Akwai abu ɗaya da ba wanda ya ambata a zaman makokin, har ni da ya fi kamata in faɗa. Shi ne jirginka.

Bara, cikin kayan gwanjon Turai, ka tsinci wani ɗan jirgin sama na katako mara nauyi, fikafikansa sun kai tsawon hannu biyu a buɗe, da ɗan injinsa na gaske wanda bai fi dunƙulen hannu ba, mai shan mai yana fitar da hayaƙi. Kamila ta ce tun kana yaron mota, in kuka ratsa ta kusa da filin jirgi, sai ka saki baki har direba ya daka maka tsawa. Ka kai shi gida a cikin buhu. Ranar da ka fara tayar da shi, ba shi da salansa, ƙararsa ta fito da duk gidan hayar waje, wasu na zaton injin niƙa ka sayo. Dattijo mai furfura, na sahun gaba a masallaci, a same shi da abin wasa! Kunya ta kama ka. Ka samo gwangwanin turare, ka cusa masa soson ƙarfe, ka huda 'yar ƙaramar kafa, ka ɗaura a bakin injin. Ƙara ta koma kamar ta keken ɗinki, asiri ya rufu.

Sai dai jirgi ya ƙi tashi. Wata Lahadi Kamila ta raka ka wani fili a hanyar Bassam, inda masu sha'awar irin wannan abu suke taruwa. Ɗaya daga cikinsu ya karɓi akwatin sarrafa shi daga nesa, jirgi ya yi ta gudu a ƙasa kamar agwagwa har ya shige ciyawa. Mutumin ya ce injin ba shi da ƙarfi, a gyara a dawo, shi zai ɗaga maka shi. A makon nan ne kuma likita ya gaya wa iyalinka cewa zuciyarka ta gaji. Ka ce wa Kamila ba ka roƙon komai na duniya, sai dai kana so ka ga abin nan a sama ko sau ɗaya.

A nan na shigo, ni bakanike. Amma suruki ba ya kiran suruki ya ce zo ka duba mini abin wasana. Sai Hajiya Salamatu, surukata, ta naɗe injin cikin tsumma ta saka a langa, ta ɗora wata langar tuwo a kai. Kamila ta hau woro-woro, tasin haɗaka ta garin nan, ta haye gadar da ke tsakanin Adjamé da Treichville ta kawo mini. Duk wanda ya gan ta zai ce abinci aka aiko wa miji, kuma bai yi ƙarya ba.

Saƙonka gajere ne: injin yana tashi, ba ya ja. Har ma'auni ka ƙirƙiro. Ka ɗaure wutsiyar jirgin da sikelin rataya na albasa, ka kafa a turke, in injin ya ja sai ka duba inda allura ta tsaya. Allurar ko rabin inda ake so ba ta kaiwa.

Na fara da buji, wato fulogi. Na haɗa shi da batir, zarensa ya yi ja sosai, lafiyarsa ƙalau, duk da haka na canza. Langa ta koma Adjamé, ta dawo: allura tana nan inda take. Na ce a aiko da man. Na ɗaga kwalbar a rana na ga ya yi gajimare, domin irin man nan yana shan raɓar iska, iskar Abidjan kuwa rabinta ruwa ce. Na nemo sabo. Allura ta ɗan gusa kaɗan, na yi murnar banza. Na bi tiyon mai ina neman kumfar iska, na wanke kafireto, na murɗa allurar mai ciki da waje. Na juya farfela da yatsa, na ji fistin yana tokarewa yadda ya kamata. Ko'ina lafiya.

Duk yaron gareji ya san abin da ake fara yi wa injin da ya shaƙe: a cire salansa a ji. Ni sai da na ƙare komai sannan na taɓa ta, saboda Kamila ta gaya mini da hannunka ka yi ta. Ranar da na kwance kusoshinta biyu a wurin aiki, lokacin hutun azahar, injin ya kurma ihu har ya nemi fizge kansa daga inda na matse shi. Na mayar da ita, ya koma nishi, kansa ya ɗau zafi, baƙin mai na ɗiga daga 'yar kafar. Hayaƙi ba ya samun hanyar fita, saboda haka sabon mai ba ya samun wurin shiga. Ciwon ke nan gaba ɗaya.

Gani ya kori ji, amma da wane baki zan aika wa surukina cewa aikin hannunsa ne ya hana jirginsa tashi? Kuma in an cire ta, unguwa za ta ji, abin da kake ɓoyewa ya fito fili. Na ɗaura ta yadda take, na aika cewa wataƙila farfelar ce ta yi girma. Ka sa aka nemo ƙarama. Langa ta tafi, langa ta dawo, azumi ya wuce, gajimaren damina ya fara haɗuwa.

Kamila ce ta tsinke igiyar. Ana jibi Sallar Layya ta dire langar a gabana ta ce, "Vraiment, ku biyun nan kun ishe ni. Ni woro-woro ce? Jiya Papa ko matakalar masallaci bai iya hawa ba sai da aka riƙe shi. In kana da magana ka kai masa da ƙafarka, ni na gama."

Washegarin Sallah na zo gaisuwa da langa a hannu. Na same ka a tsakar gida kan kujerar roba, ka riga ka fito da jirgin, ka ɗaure wutsiyarsa da sikeli. Na durƙusa daga nesa. Ka ce, "Matso, malam bakanike, daga can ba ka ganin kusa." Na matso na ɗaura injin. Na ce a raina ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce, "Baba, hayaƙin ne ba ya samun hanya."

Ka ce, "To, buɗe masa hanya mana."

Ka riƙe jirgin da hannu biyu, na cire gwangwanin, na kaɗa farfela. Ƙarar ta tashi tattabarun kan rufi. Mata suka bar suyar nama, ƙofofi suka buɗe, allurar sikeli ta wuce inda ba ta taɓa zuwa ba. Da na kashe, maƙwabcinka Malam Yazid yana tsaye riƙe da buta. Ya ce, "Haba Sadi, da girmanka, wasan yara har gidan surukai?" Na buɗe baki zan amsa laifin don in rufa maka asiri, sai na ji muryarka: "Nawa ne, Yazid. Shi likitansa ne. In ruwa ya ɗauke ran Lahadi, ka zo ka ga tsoho ya tashi sama."

Ban san lokacin da na ɗaga kai ba. Kana dariya, man injin ya fantsama a gemunka, ga wushirya a haƙoranka, irin ta Kamila sak. Shekara tara ban san inda ta gado ta ba. Wannan ne kallo ɗaya da na yi wa fuskarka kana raye.

Ruwa bai ɗauke ba. Lahadin farko an wuni ana tafkawa, ta biyu aka ce fili ya zama tafki. Ran Talata ka tafi.

Bayan addu'ar uku, Hajiya ta sa aka kira ni. Tana bayan labule, Kamila na gefena, ta ce a ba ni jirgin, haka ka bar wasiyya. Sannan ta ce, "Ai ya san ciwon tun dawowarsu daga Bassam. Mutumin da ya girma a ƙarƙashin mota? Wata rana da gidan ya watse ya cire gwangwanin, ya ji, ya mayar. Na ce Alhaji, to wahalar me kake ba yarinyar nan? Ya ce, 'Ya'yana duka mata ne. Allah ya ba ni ɗa namiji ta hanyar aure, amma saman hularsa kawai na sani. Bari ya zo ya gaya mini da bakinsa.'"

Na rasa inda zan sa kaina. Ina can ina lissafin yadda zan kare girmanka, ashe kai kana zaune kana jiran in haye gada ɗaya. Ka san kwanakinka sun ƙure, ka san kusoshi biyu ne tsakaninka da burinka, ka zaɓi ka jira ni. Ni kuma na cinye maka rani guda ina canza buji da farfela. Ba na zagin kunya, ita ta rene mu, kuma ita ta sa ka riƙa fakewa a shago don kada wandona ya ɓaci. Amma tawa ta yi yawa har ta toshe hanya, na kuwa fi kowa sanin abin da toshewa ke yi.

Jirgin yana kan kabad a ɗakina. Gwangwanin na wanke shi na mayar cikin langar, ban iya jefar da shi ba.

Ya Allah, ga bawanka Tasi'u ya zo maka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Yadda ya sauki baƙi bai tambayi asalinsu ba, ka sauke shi masauki mafi kyau. Yadda ya rufa asirin mutane, ka rufa nasa ranar tonon asiri. Ina miƙa ta'aziyya ga Hajiya Salamatu, da 'ya'yansa Ruƙayya da Afra'u da Kamila, da 'yan uwa na Galmi, da abokan sana'arsa na kasuwar Gouro, da duk jama'ar Liberté. Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya kyautata namu ƙarshen.

Kuma ya Allah, in ka tara mu a gidan Aljanna, ka zaunar da ni kusa da shi, ka ba ni ikon ɗaga kai. Amin.

Sadi, ɗanka,
Treichville, Abidjan.